Iya Ruwa Fidda Kai: Labarin Trischa Zorn

Uwargida ran gida, sannu da aiki. Amarya, sannu da hutawa, in ma kina samun hutun. Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga matan Gama da Dakata da Kawaji da Tudun Murtala da Gwagwarwa, waɗanda masu gidajensu suka yi sammakon fita kamfani a Bompai, wasu ma sai sun hau mota biyu kafin su kai Sharada ko Challawa, aka bar ku da gida da yara. A matso da rediyo kusa da murhu, a ci gaba da aiki, kunne dai nake roƙo.

Yau labarin wata Ba'amurkiya na kawo muku, mai larurar gani, wadda ta yi suna a duniya wajen iyo, wato ninƙaya. Na san wata za ta ce, haba Hajiya, mu da ko zaure ba ma leƙawa sai da dalili, ina ruwanmu da wata Baturiya da ke wasa cikin ruwa? Ki yi mini haƙuri, bari in faɗa miki abin da ya jawo.

Kwanakin baya na je barkar haihuwa wani gida a nan cikin Nassarawa. Ana ta hira a tsakar gida, yara na ta guje-guje, sai na hango wata yarinya da ba za ta wuce shekara takwas ba, zaune a lungun ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Na tambayi mahaifiyarta ko ba ta da lafiya ne. Ta ce lafiyarta ƙalau, ba ta dai gani sosai, haske ma damun ta yake yi, tun tana jaririya haka take. Na ce makaranta fa? Ta ce wace makaranta, ita da ko tsakar gida ba na bari ta taka saboda rijiya. Baiwar Allah ba da mugunta ta faɗa ba. Tsoro ne irin na uwa, kuma duk wadda ta haifa ta san shi. Amma na koma gida da yarinyar nan a raina, kuma ita ce ta sa na tono wannan labari.

Sunan matar Trischa Zorn, ana furta shi kamar "Tirisha Zon". An haife ta ranar 1 ga Yuni, 1964, a garin Orange na jihar Kalifoniya a Amurka. Da larurarta ta zo duniya. Idan kika duba idonki a madubi, za ki ga wani zobe mai launi da ya kewaye ɗan baƙin nan na tsakiya. Aikin zoben shi ne tsuke ƙofar ido in haske ya yi yawa, ya buɗe ta in an shiga duhu, kamar yadda kike sakin labule in rana ta shigo ɗaki. To ita an haife ta ba wannan zobe. Haske na kwararo mata cikin ido ba shamaki, abu kuma in ba ya zo dab da fuskarta ba, sai dai ta ga dishi-dishi. A dokar ƙasarsu, makauniya ce.

Tana da kimanin shekara goma ta shiga wata ƙungiyar masu iyo a garin Mission Viejo. Ku lura da wannan: ƙungiyar ba ta makafi ba ce. Ta masu ido ce, kuma tana cikin waɗanda suka fi fitar da gwanayen iyo a Amurka a wancan zamani. Da su take atisaye, da su take tsere, abin da aka sa su shi ake sa ta.

Yanzu bari in kwatanta muku wurin da ake wannan gasa, don sai kun san shi za ku gane girman abin da ta yi. Ba kududdufi ba ne, ba kogi ba ne. Wani ƙaton kwami ne aka gina aka shafe da tayil, tsawonsa mita 50, wato kusan rabin filin ƙwallo. An raba shi layi-layi da igiyoyi masu yawo a saman ruwa, kowa da nasa layin, faɗin mita biyu da rabi. A ƙasan ruwan, tsakiyar kowane layi, an ja baƙin zane tun daga wannan bango har wancan, don mai iyo ya riƙa kallonsa kada ya karkace. In saura mita biyu a kai bango, sai zanen ya yi gicciye, alamar a shirya juyawa. Masu iyon rigingine kuwa, da yake fuskarsu sama take kallo, an rataya musu 'yan tutoci a igiya mita biyar kafin bango. Kun ga ke nan duk abin da aka tanada don ya kare mai iyo, da ido ake karanta shi.

To ke da ba kya ganin zane, ba kya ganin tuta, kina tafe da iyakar ƙarfinki, kanki ne a gaba, bangon kankare yana jiran ki. In kika rage gudu don tsoro, an wuce ki. In kika ƙi ragewa kuma lissafi ya kuskure, ki fasa goshi ko ki karya yatsa. Gashi kuma a wannan wasa, abin da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu sau da yawa bai kai ƙiftawar ido ba.

Me Trischa ta yi? Ƙirga. Ta haddace sau nawa hannunta ke sara ruwa daga wannan bango zuwa wancan. Tana faɗawa ruwa ta fara lissafi a zuci, ɗaya, biyu, uku, har ta kai adadin da ta sani, sai ta dunƙule ta juya, ta doki bango da ƙafa, ta sake sabon lissafi. Faɗarsa da sauƙi. Amma ki tuna adadin na iyon rigingine daban, na iyon ƙirji daban. Wanda za ta yi da ƙarfinta a farkon tsere daban da wanda za ta yi in hannu ya gaji ya fara gajarta. Kwami mai mita 25 daban da mai mita 50. Duk wannan sai ya zauna a ka, ya zauna a jiki, ta yadda ko ihun 'yan kallo ko ruwan da ya shiga hanci ba zai sa ta ɓata lissafi ba. Ba a samun wannan sai da maimaici na shekara da shekaru, safe da yamma. Ni dai a duk labarinta nan ne ya fi burge ni, fiye da zinaren da za ku ji.

Akwai kuma wata dabara da ake yi wa waɗanda ba sa gani ko kaɗan. A gasar duniya an kasa masu larurar gani gida uku, gwargwadon abin da ya rage musu na gani, ana kiran rukunan S11 da S12 da S13. 'Yan rukunin farko su ne waɗanda ganinsu ya tafi gaba ɗaya ko ya kusa, kuma dole kowannensu ya sa tabarau na ruwa da aka rufe baƙi ƙirin, don kada wani ya fi wani da ɗan hasken da yake gani. Su ana tsayar musu da mutum a kowane bango, riƙe da doguwar sanda mai soso a baki. In mai iyo ya kusa, sai ya ɗan taɓa masa kai ko baya da sandar, shi kuwa nan take ya juya. In mai sanda ya yi gaggawa, ya cuce shi, ƙafarsa ba za ta sami bango ba. In ya makara, ya haɗa shi da kankare. Saboda haka tare suke atisaye har su san juna. Wannan ma jagora ne, amma kun ga ya sha bamban da jagorancin da muka saba gani a bakin danja, inda ake cire yaro mai ido daga makaranta a ba shi sanda ya ja babba zuwa bara, a yi asarar mutum biyu. Trischa ita a rukuni na tsakiya take.

Gasar da ta yi suna a cikinta ita ce ta wasannin naƙasassu ta duniya, wadda ake yi duk bayan shekara huɗu, a shekarar da ake gasar Olamfik. Asalinta wani likita ne a Ingila, Ludwig Guttmann, ya shirya wa sojojin da suka ji rauni a ƙashin baya wasanni a asibitin Stoke Mandeville a 1948. A 1960 aka yi ta farko a birnin Rum, amma masu larurar gani ba su shiga ba sai a 1976 a Toronto. Shekara huɗu bayan nan, a 1980, Trischa ta je ta farko a garin Arnhem na ƙasar Holan tana 'yar shekara 16, ta dawo gida da lambar zinare bakwai.

Daga nan fa sai abin ya zama kamar an buɗe famfo. Ta je ta New York a 1984. A Seoul ta Koriya ta Kudu a 1988 ta kwashi zinare 12. A Basalona a 1992 ta sami zinare 10 da azurfa biyu. Wannan ta Basalona ita ce karon farko da Nijeriya ta shiga gasar, kuma 'yan wasanmu sun dawo da zinare uku, biyu a tsere, ɗaya a ɗaga nauyi, abin alfahari ne ƙwarai. Amma ku auna: mace ɗaya ta ninka ƙasa guda sau uku har da ɗoriya. A 1996 da aka yi gasar a ƙasarta, a Atlanta, ita aka zaɓa ta karanta rantsuwa a madadin dukkan 'yan wasa.

Jimilla ta je gasa bakwai, daga 1980 zuwa 2004, ta tara lambobi 55: zinare 41, azurfa 9, tagulla 5. Ba wanda ya kai ta a tarihin gasar, mace ko namiji. In kun taɓa jin yaranku na ambaton Michael Phelps, wanda ya fi kowa lambobi a Olamfik ta masu ido, shi 28 gare shi, 23 daga ciki zinare. Shi duniya ta san shi. Ita kuwa na tabbata yau ne da yawanku kuka fara jin sunanta, ni ma ban daɗe da sani ba, duk da karatun jaridar da na yi.

Akwai wani ɓangare na rayuwarta da ba a cika faɗa ba, wato lokacin da zinaren ya ƙare. A Atlanta biyu kacal ta samu, sauran azurfa uku, tagulla uku. A Sidni a 2000 ko ɗaya ba ta samu ba, sai azurfa da tagulla. Yara sun taso, wasu ma ba a haife su ba lokacin da ta ci na farko. Wata da ta saba da ɗaya da tuni ta yi zuciya ta ajiye. Ita sai ta koma Atens a 2004 tana da shekara 40, ta yi iyon rigingine na mita 100, ta zo ta uku, ta karɓi tagullarta. A bikin rufe gasar ita ta riƙe tutar Amurka. Kafin wannan gasa ta ƙarshe an yi mata aiki an dasa mata zoben ido na roba, ganinta ya ƙaru, ko da yake bai kai na mai cikakken gani ba. Zinarenta duk kafin aikin ta ci su.

Kuma ba ruwa kaɗai ta riƙe ba. Iyon ne ya samo mata tallafin karatu a Jami'ar Nebraska, inda ta yi wa jami'ar gasa da ɗalibai masu ido. Ta karanci koyar da yara masu buƙata ta musamman, ta yi shekaru tana koyarwa a makarantun gwamnati na birnin Indianapolis, a unguwannin talakawa. Ta yi digiri na biyu, sannan ta koma ta karanci shari'a ta gama a 2005, ta kama aiki da ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta ƙasarsu. A 2012 aka sa sunanta a jerin gwarazan gasar na duniya, a 2022 kuma Amurka ta sa ta a nata jerin, rana ɗaya da shi Phelps ɗin.

To 'yan uwa, kada a tashi daga gaban rediyo a ce na ce a tura 'ya'ya mata su tuɓe su faɗa ruwa a gaban maza. Ban faɗa ba. Shigar da ake yi a wannan gasa ba tamu ba ce, kuma ni ma ba zan sa wa 'yata ita ba. Haka kuma ban ce a saki yara su tafi kududdufi ba. Duk damina sai mun ji an tsamo gawar yaro a kududdufi a garin nan, yaro mai ido biyu ma. Ga tsargiya, yaro ya dawo yana fitsarin jini. Ruwan da ke bin rafin Getsi daga wajen Bompai ya gangara Jakara, da wanda ke sauka kogin Challawa daga masana'antun can, ku da mazajenku ke aiki a wuraren kun fi ni sanin launinsa da warinsa. Wannan ba ruwan da za a sa ɗa ba ne. Iyo kansa ba baƙonmu ba ne, duk wanda ya ga wasannin Kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya san Bahaushe ya iya ruwa. In namiji ne kuma aka sami wuri mai tsabta da malami mai amana, koya masa alheri ne, yana iya tsirar da ransa wata rana. Amma ba wannan ne ya kawo ni yau ba.

Ƙirgar nan ce ta kawo ni. Uwargida, tsakani da Allah, in aka ɗauke wuta da daddare, tocila ba batir, jariri na kuka, sai kin ga hanya kike zuwa inda randa take? Ƙafarki ta san taku nawa ne daga bakin gado zuwa ƙofa. Ta san inda dokin ƙofa yake, ta san inda turmi yake kwana. Kina sa hannu cikin kwanon gishiri ki ɗebo daidai miya ba tare da kin duba ba. Abin da Trischa ta yi a ruwa ke nan, kuma ke da kike wuni a gida, kin fi kowa damar koya wa ɗanki ko 'yarki shi. Maigida ya fita tun asuba, sai magariba. Malamin farko ke ce.

Ki kama hannunta ku taka tare, kuna ƙirgawa da baki: daga ɗaki zuwa madafa taku kaza, daga madafa zuwa banɗaki taku kaza. Gobe ki saki hannun ki bi ta a baya. Jibi ki tsaya daga nesa ki yi mata magana, ta bi muryarki. Za ta yi tuntuɓe, za ta buge, zuciyarki za ta tsinke. Ki daure, ki bar ta ta tashi. Rijiya kuwa a yi mata murfi mai nauyi da kwaɗo, wannan aikin maigida ne, kuma ko ba mai larura a gidan ya kamata a yi. Sai a yi wa 'yan gida doka, har abokiyar zama da yaranta, cikin lalama: kowane kaya da mazauninsa. Wanda ya ɗauki bokiti ya mayar inda ya gan shi, kada a bar tabarya a kan hanya, kada a bar ƙofa rabi a buɗe, don ita ce ke fasa goshi. In za a taɓa ta a fara yi mata magana. Kuma a ba ta aiki. Ta tsince shinkafa da hannu, ta ɓare gyaɗa, ta ninke kaya, ta yi wanke-wanke. Yarinyar da ake yi wa komai, ranar da babu ke, wa zai yi mata?

Sai asibiti. Ba kowace larurar ido ce ta dindindin ba. Akwai yaran da yana ce kawai a idonsu, aiki ɗaya za a yi su gani, kuma gwargwadon saurin kai su gwargwadon nasarar. Akwai waɗanda tabarau kawai suke buƙata. Ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, ga sashen ido a asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano. Ki lallaɓi maigida ya ba da izini, in shi aiki ya riƙe shi a nemi kakar yaran ko ƙaninsa su raka ku. Don Allah a daina ɗiga wa yara abin da aka ga dama a ido, ruwan sukari ne, ruwan ganye ne, maganin da ya rage na wani ne. Allurar ƙyanda ta wata tara kada a tsallake ta, don ƙyanda na cikin abin da ke makantar da yara. In yaro ya fara lalube da an yi magariba, dundumi ke nan, a kai shi a duba, a kuma ƙara masa zogale da alayyahu da manja da karas da ƙwai in da hali.

In likita ya ce ganin ba zai dawo ba, to ga makarantar Tudun Maliki nan cikin Kano, inda ake koyar da makafi da kurame. Ana koya musu rubutun da ake karantawa da yatsa, na ɗigo shida, wanda wani Bafaranshe Louis Braille ya ƙirƙiro, shi ma ya makance tun yana ƙaramin yaro. Jami'ar Bayero na da sashen da ke horar da malaman irin waɗannan yara. Tun Janairun 2019 kuma akwai dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci. In wani a dangi ya ce makaho ba shi da abin yi sai bara, a tuna masa da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabi da ke kiran salla a Madina, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha bar wa jagorancin salla in zai yi tafiya.

Na sake komawa gidan nan da na faɗa muku, ranar suna. Na ja mahaifiyar yarinyar gefe na ba ta wannan labari kamar yadda na ba ku. Ta yi dariya ta ce, Hajiya, ita wannan ai Baturiya ce, suna da komai. Na ce gaskiya ne, suna da kwami, suna da kuɗi, amma ƙirga ba a saye ta ba. Na kira yarinyar, na kama hannunta, muka taka daga ƙofar ɗakinsu zuwa gindin randa. Taku goma sha ɗaya ne a ƙafarta. Da muka dawo ta ce a sake, wannan karon ita ce mai ƙirgawa. Maganar asibiti da murfin rijiya, uwar ta ce sai maigidan ya karɓi albashi, za ta yi masa magana. Na ce zan leƙo ƙarshen wata in ji yadda suka yi.

Lokaci ya kama mu. Wadda ke da yaro mai irin wannan larura, ko ta taɓa kai nata Tudun Maliki tana da abin da za ta faɗa wa 'yan uwa, ta aiko mana da saƙo, ko ta ba ɗan makaranta ya rubuta mata, za mu karanta ba tare da ambaton suna ba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Ku huta lafiya.